Rikicin Sin da Taiwan: Me Ya Shafi Mutumin Jos da Ɗan Kasuwar Kudu?

A ƙarshen watan Disamba na 2025, sojojin ƙasar Sin sun shafe kwana biyu suna atisaye a kewayen tsibirin Taiwan, da jiragen ruwa na yaƙi, da jiragen sama, da harba rokoki cikin teku. Sun yi hakan ne 'yan kwanaki bayan Amurka ta sanar cewa za ta sayar wa Taiwan makamai na kimanin dala biliyan 11. Da yawanmu idan irin wannan labari ya zo a rediyo sai mu murɗa tasha, ko mu wuce shi a waya, mu ce ai wannan rigimar mutanen can ce, mu da muke fama da tsadar abinci da matsalar tsaro. Ni dai ina ganin akwai gyara a wannan tunani. Mu mutanen Jos tarihi ya riga ya nuna mana cewa wutar da ta tashi a gabashin Asiya tana iya ƙona mutum yana zaune a ƙauyensu a Katsina ko Sakkwato. Kuma ku 'yan uwa da ke Legas, Ibadan, Fatakwal, Anaca da Kalaba, ku ne kuka fi kusa da bakin teku inda kaya ke sauka, don haka ku za ku fara jin zafin.

Asalin rigimar

Taiwan tsibiri ne da bai fi Jihar Filato girma da wani abu mai yawa ba, amma yana da mutane kimanin miliyan 23. Tsakaninsa da babban yankin Sin akwai mashigin ruwa wanda a inda ya fi matsewa bai wuce kilomita 130 ba. Japan ta mulki tsibirin daga 1895 zuwa 1945. Da ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu sai ya koma hannun gwamnatin Sin ta wancan lokaci, wadda jam'iyyar KMT ta Chiang Kai-shek ke jagoranta. Bayan haka yaƙin basasa ya ci gaba tsakanin KMT da 'yan kwaminisanci na Mao Zedong. A 1949 Mao ya yi nasara, ya kafa gwamnati a Beijing, shi kuma Chiang ya kwashi sojojinsa da jama'arsa ya tsallaka Taiwan.

Tun daga nan aka samu gwamnati biyu, kowacce na cewa ita ce halastacciyar gwamnatin Sin. Har 1971 gwamnatin da ke Taiwan ce ke riƙe da kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Oktoba na shekarar aka zartar da ƙuduri mai lamba 2758, aka ba Beijing kujerar. Amurka ma a 1979 ta koma ta amince da Beijing, amma a shekarar majalisarta ta yi dokar da ta ba ta damar ci gaba da sayar wa Taiwan makaman kare kai.

Yau ga yadda abin yake. Beijing na cewa Taiwan lardinta ne da ya ɓalle, dole wata rana ya dawo, ta lalama in ya yiwu, da ƙarfi in ta kama. A 2005 ta yi doka da ta halasta amfani da ƙarfin soja idan tsibirin ya ayyana ɓallewa. Su kuma mutanen Taiwan na cewa gwamnatin kwaminisanci ba ta taɓa mulkinsu ko da kwana ɗaya ba, suna da kuɗinsu, da fasfonsu, da sojansu, kuma tun 1996 da ƙuri'arsu suke zaɓen shugaba. Yawancinsu ba sa neman a ayyana 'yanci gobe, ba sa kuma neman haɗewa. Abin da suke so shi ne a bar su yadda suke.

Abin da ya canza

Rigimar tsohuwa ce. Sabon abu shi ne ƙarfin Sin. A 1996, lokacin da Sin ta harba makamai masu linzami kusa da tsibirin don tsorata masu zaɓe, Amurka ta turo manyan jiragen ruwa biyu masu dakon jiragen yaƙi, Sin ba ta da abin mayar da martani, ta haɗiye fushinta. Shugabannin sojanta ba su manta da wannan rana ba.

Shekara talatin bayan haka, rundunar ruwan Sin ta fi ta kowace ƙasa yawan jirage. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta ƙiyasta su sama da 370, alhali na Amurka ba su kai 300 ba, duk da cewa na Amurkan sun fi girma da gogewa. Sin na da jiragen dakon jiragen yaƙi guda uku: Liaoning da ya fara aiki a 2012, Shandong a 2019, sai Fujian da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2025. Kasafin tsaron da ta sanar na 2025 ya kai yuwan tiriliyan 1.78, wato kusan dala biliyan 250, babu wadda ta fi ta sai Amurka. Makamanta na nukiliya, a ƙiyasin Amurka, sun haura 600, kuma za su iya wuce 1,000 kafin 2030. A 2017 ta buɗe sansanin soja na farko a ƙetare, kuma a nahiyarmu ta buɗe shi, a Jibuti.

Atisayen ma ya canza salo. Da shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, Nancy Pelosi, ta ziyarci tsibirin a watan Agusta na 2022, Sin ta yi masa zobe, har ta harba makamai masu linzami suka bi ta samansa. Bayan rantsar da Lai Ching-te a watan Mayu na 2024, wanda Beijing ke kira ɗan aware, an sake yi a watan, an maimaita a Oktoba, aka kuma yi a Afrilun 2025, sannan na Disamba. Duk wanda ya lura zai ga abu ɗaya ake gwadawa: yadda za a rufe tashoshin ruwan tsibirin, a hana shiga a hana fita. Ita ma Taiwan ba ta zauna ba. Daga Janairun 2024 ta mayar da aikin sojan dole na matasa daga wata huɗu zuwa shekara ɗaya. Japan kuma, wadda tsibiranta na kudu ke dab da wurin, ta fara magana da babbar murya. Da firaministarta Sanae Takaichi ta ce a watan Nuwamba na 2025 hari kan Taiwan na iya jawo sojan Japan ciki, sai da dangantakarta da Beijing ta yi tsami.

Darasin kuzar Jos

To, me ya sa na ce mu a Jos mun san wannan hanya? A farkon 1942 sojojin Japan suka ƙwace Malaya da Singafo daga hannun Ingila. Malaya a lokacin ita ce kan gaba a duniya wajen haƙar kuza, kuma babu yadda za a yi yaƙi ba kuza, domin da ita ake liƙa wayoyin lantarki, da ita ake shafe gwangwanin abincin soja. Da Ingila ta rasa Malaya sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka raba wa hukumomin En'e adadin mutanen da kowacce za ta kawo. Tsofaffi na kiran abin ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso talakawa kimanin dubu ɗari daga lardunan Arewa, aka zuba su a ramukan Bukuru, Barikin Ladi da kewaye. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kawo shi cikin sanyin Filato, ba bargo, ba wadataccen abinci, ba masauki na kirki. Da yawa sun mutu, wasu sun gudu, gonaki kuma suka kwana ba a nome ba. Waɗannan bayin Allah ba su taɓa jin sunan Malaya ba, amma faɗuwarta ce ta raba su da iyalansu.

A daidai wannan lokaci aka ɗebi dubban matasanmu aka kai su Bama su yaƙi Japan. Ku da ke kudu kuna wuce shaidar abin kullum: barikin Arakan a Apapa, barikin Dodan a Ikoyi, barikin Letmauk a Ibadan, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a can.

Ba a nan ta tsaya ba. A shekarun 1950, bayan ɓarkewar yaƙin Koriya, Amurka ta shiga tara ma'adinin kolombait don ƙera injinan jiragen yaƙi, tana biya da tsada. Filato ta zama kan gaba a duniya wajen samar da shi, kuɗi ya shigo, garuruwa suka cika. Da Amurka ta cika rumbunta ta daina saye, kasuwar ta faɗi, ma'aikata suka watse. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, abin da ya rage mana shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi. Sau biyu ke nan yaƙin gabashin Asiya yana juya rayuwar Jos, sau ɗaya da bulala, sau ɗaya da kuɗi, kuma a duka biyun ba mu ne muka yanke shawara ba.

Ta ina zai shigo mana yau?

Hanya ta farko ita ce kaya. Sin ce ƙasar da Najeriya ta fi sayen kaya daga gare ta. Ka shiga Alaba, ko kasuwar waya ta Ikeja, ko babbar kasuwar Anaca, ko Ariaria a Aba, ko Kantin Kwari a Kano, ka cire kayan Chaina ka ga abin da zai saura. Atamfa, takalmi, fitila mai caji, faifan sola, janareto, kayan gyaran babur, maganin feshi. Yawancinsu daga tashoshin ruwan kudanci da gabashin Sin suke tasowa, wato bakin ruwan da ake taƙaddama a kai. Kusan rabin jiragen kwantena na duniya suna ratsa mashigin Taiwan. Ba sai an harba harsashi ba: ranar da kamfanonin inshora suka ce wurin ya zama filin yaƙi, kuɗin dako zai tashi, kuma mai shago a Idumota ne zai biya, shi kuma ya ɗora wa mai saye.

Hanya ta biyu tana cikin aljihunka. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a Sin, amma ƙwaƙwalwar da ke cikin da yawansu ta kamfanin MediaTek ce, na Taiwan. Wani kamfanin Taiwan ɗin, TSMC, shi ke ƙera kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar na'ura mafi inganci a duniya. Wato wayar da mai shayi ke karɓar tiransifa da ita, da na'urar POS, aikin hannun ɓangarorin biyu ne. In suka kama faɗa, babu mai maye gurbinsu cikin wata shida ko shekara.

Hanya ta uku ita ce mai da dala. Mun ga misali a 2022. Rasha ta shiga Yukiren a watan Fabrairu, kafin tsakiyar shekara litar man gas da ake saye wajen naira 300 ta doshi 800. Mu da muka tashi a gidan fataucin shanu mun san abin da hakan ke nufi. Tirelar da za ta ɗauki shanu daga kara a Bukuru zuwa Lokpanta ko Oko-Oba gas take sha. Kuɗin mota ya hau, dillali ya ƙara, mahauci ya rage yanka, mai tsire ya ƙanƙanta tsinke. Kuma Rasha da Yukiren ba su kama ƙafar Sin ba a kasuwar duniya. Masana na kamfanin Bloomberg sun ƙiyasta a 2024 cewa yaƙi kan Taiwan zai iya jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 10, kusan kashi goma cikin ɗari na dukan abin da duniya ke samarwa a shekara.

Hanya ta huɗu ita ce abin da muke sayarwa. Riɗin Jigawa, Nasarawa da Binuwai na zuwa Sin. Kuza da sauran ma'adinai ma haka, domin Sin ce ta fi kowa sayen kuza. Haƙar ta dawo da ƙarfi a Filato har ta kai Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da ita a watan Fabrairu na 2025 saboda matsalar tsaro da yaran da ke barin makaranta suna shiga rami. Idan rikici ya tashi, ko dai mai saye ya ɓace farashi ya faɗi, ko kuma manyan ƙasashe su yo rububin ma'adinan kamar yadda aka yi a 1942 da shekarun 1950. Kowanne ya faru, talakan da ke cikin rami ne a ƙasa.

Ina Najeriya ta tsaya?

Gwamnatinmu ta daɗe da zaɓar ɓangare. Ta ƙulla hulɗa da Beijing a watan Fabrairu na 1971. A Janairun 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Sin Wang Yi, gwamnatin Buhari ta umarci ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Da Shugaba Tinubu ya je Beijing a watan Satumba na 2024 ya sake jaddada manufar Sin ɗaya tak. Ba mu kaɗai ba ne. Nijar ta amince da Taiwan a 1992, ta dawo wa Beijing a 1996. Senegal ta juya a 2005, Chadi a 2006, Burkina Faso a 2018. Yau a duk Afirka Eswatini ce kaɗai ke tare da Taiwan, a duniya kuma ƙasashe 12 ne.

Dalilin a bayyane yake. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, na Legas zuwa Ibadan, tashar ruwa ta Lekki, duk da hannun kamfanonin Sin da bashinta aka yi su. Sojanmu na amfani da tankokin VT-4, da jirage marasa matuƙi, da jiragen ruwa irin su NNS Centenary da NNS Unity, duk ƙirar Sin. A ɗaya hannun kuma jiragen Super Tucano daga Amurka muka saye su, kuɗin ajiyarmu da cinikin manmu da dala ake yi. Ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can. Muddin ana zaman lafiya hakan dabara ce. Ranar da aka ce kowa ya zaɓa, ko Amurka ta ƙaƙaba wa Sin takunkumi irin wanda ta sa wa Rasha, ɗan kasuwar da ke tura kuɗi Guangzhou ta banki shi zai fara ganin an rufe masa ƙofa.

Akwai masu cewa ai mu da muka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 don kada ƙasa ta rabu, dole mu fahimci Sin. Maganar tana da nauyi, amma a riƙa tunawa da abu biyu. Na ɗaya, a lokacin yaƙin namu Beijing ba ta goyi bayan gwamnatin tarayya ba, ta nuna tausayinta ne ga ɓangaren Biyafara, saboda abokiyar hamayyarta Tarayyar Sobiyat na taimakon Legas. Manyan ƙasashe maslaharsu suke bi. Na biyu, Taiwan ta fi shekara 75 tana tafiyar da kanta, an haifi kaka da jika a cikin wannan hali.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bakassi. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da ƙarfin soja nesa ba kusa ba, kuma sojojinmu na zaune a wurin tun ƙarshen 1993. Amma da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, Obasanjo ya karɓa, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008. Hukuncin ya haɗa da yankin Darak a Tafkin Chadi, inda masunta Hausawa da wasu ƙabilu suka kafa garuruwa, aka miƙa shi tun Disambar 2003. An kauce wa yaƙi, wannan abin godiya ne. Amma ba a tambayi mazauna wurin ba, kuma har yau akwai mutanen Bakassi da ke zaman gudun hijira a Kuros Riba. Ita Taiwan ko wannan ƙofa ta kotu ba ta da ita, domin ba mamba ba ce a Majalisar Ɗinkin Duniya, Sin kuma na cewa maganar cikin gida ce, babu alƙalin da zai shiga.

Za a yi yaƙin kuwa?

A nawa ganin, mamaya gaba da gaba ba ta kusa ba. Tsallaka teku da dubban ɗaruruwan sojoji a sauke su a gaɓar da ake jiransu na daga cikin mafi wuyar ayyukan soja, kuma rabon Sin da yaƙi tun wanda ta yi da Biyetnam a 1979. Shugaba Xi Jinping ya kori tsofaffin ministocin tsaro biyu daga jam'iyya a 2024 bisa zargin cin hanci, ya kuma kori wasu manyan janar-janar a 2025, alamar bai gama yarda da rundunar ba. Jami'an Amurka na yawan ambaton 2027, amma abin da suka ce shi ne an umarci soja su kasance a shirye kafin lokacin, ba wai an sa ranar hari ba. Sannan arzikin Sin a kan sayar wa duniya kaya ya dogara, mai shago kuwa ba ya cinna wa kasuwa wuta.

Abin da na fi tsoro biyu ne. Na farko ƙawanya: a tare jiragen ruwa da sunan bincike, a matse tsibirin da ke shigo da kusan duk makamashinsa daga waje, ba tare da an kira abin yaƙi ba. Na biyu kuskure: jirage na shawagi kusa da juna kullum, wata rana biyu su yi karo, a rasa rayuka, kowane ɓangare ya ji kunyar ja da baya. Amurka kuma da gangan ta ƙi faɗin ko za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Biden ya sha cewa za ta shiga, Trump ya ƙi amsawa. Irin wannan duhu na iya hana faɗa, yana kuma iya sa wani ya yi lissafin da ba daidai ba.

Abin da ya rage namu

Ba mu da jirgin yaƙi, ba mu da kujera a inda ake yanke shawara, amma akwai abin da ke hannunmu. Ɗan kasuwar da duk jarinsa ke kan kwantena ɗaya daga gari ɗaya ya fara neman hanya ta biyu, ko Indiya, ko Turkiyya, ko masu ƙerawa a Aba, Nnewi da Kano. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa a Sabo, Agege, Mile 12 da Ama Hausa su riƙa sa irin wannan magana a taronsu, kamar yadda ake tattauna haraji da kuɗin mota. Masu 'ya'ya da ke karatu ko kasuwanci a Sin su tabbata takardunsu na nan daidai kuma ofishin jakadancinmu ya san da zamansu. Mun ga wahalar da ɗalibanmu suka sha a Yukiren a 2022 da Sudan a 2023.

Ga gwamnati kuma, roƙona shi ne kada ta sayar da bakinta da arha ga kowane ɓangare, kuma ta sa ido a kan ma'adinan Filato, Nasarawa da Zamfara tun kafin masu rububi su iso. Kakanninmu an ɗebe su ba shawara domin a lokacin ba su da ƙasa tasu. Mu muna da ita, muna da ƙuri'a, muna da bakin tambayar wanda ya ba da lasisin haƙa da abin da al'ummar wurin za ta samu.

Mu kuma a dandalin sada zumunta mu rage ɗaukar abin kamar wasan ƙwallo, wannan na Chaina wancan na Amurka. Akwai mutum miliyan 23 a tsibirin nan masu son su kwana lafiya su tashi lafiya, kamar yadda ɗan Arewa da ke zaune a kudu yake so, kuma mu mun fi kowa sanin halin wanda rigimar manya ke faɗa wa a kai. Allah Ya kiyaye, Ya zaunar da ƙasarmu da duniya lafiya.